Daga Gafaka Zuwa Firam: Tarihin Adana Takarda da Hoto a Sakkwato

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bi shi a 1837, saura shekara biyu a sanar da duniya a Faransa cewa wani mai suna Daguerre ya gano hanyar ɗaukar hoto. Saboda haka babu hoton ɗayansu, amma littattafai da wasiƙun zamanin Daular Usmaniyya suna nan ana karanta su. Da irin waɗanda ke gidan Waziri Junaidu ne masanin tarihi Murray Last ya dogara wajen rubuta tarihin daular da aka buga a 1967. A Sakkwato dai, hoton biki mai launi da aka wanke a shekarun 1980 yau za ka tarar ya koma ja-ja, fuskar amarya ta manne da gilashi. Takardar ƙarni na 19 ta rayu, hoton jiya ya mutu. A ganina laifin ba na rana da ƙura kaɗai ba ne. Sana'ar sa hoto a firam ta shigo garin a matsayin ado, ba ta gaji komai daga ilimin adana takarda da malamai da dukawa suka daɗe da shi ba, alhali wannan ilimin shi ne abin da ta fi bukata.

Takardar da magabata suka yi rubutu a kanta, mafi yawa ita ce mai alamar wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus su ratso hamada da ita. Bature matafiyi Barth, wanda ya zo Sakkwato a 1853, ya ambaci irinta cikin hajar kasuwar Kano. Da tsumma ake yin ta, shi ya sa ba ta saurin yin ja ko karyewa kamar takardar da aka koma yi da itace daga tsakiyar ƙarni na 19. Amma kyawun takarda rabin zance ne. Malamin Sakkwato ba ya ɗinke littafinsa, ba ya shafa masa wani abin liƙi. Warƙoƙin a sake suke, a ƙasan shafi an rubuta kalmar da za ta fara na gaba don kada su rikice. A jera su tsakanin bango biyu na tadarishi, a naɗe da igiyar fata, a zura cikin gafaka da aka ɗinka da jar fatar akuya wadda majema suka jeme da bagaruwa, sannan a rataye a bango inda gara da laimar ƙasa ba sa kaiwa. Duk abin da aka yi wa takardar nan ana iya warware shi: a zare ta, a kaɗe ƙura, a mayar, idan gafaka ta tsufa a ɗinka wata, littafin yana nan yadda yake. Wannan ita ce ƙa'idar da manyan gidajen tarihi na duniya ke bi a yau, cewa kada a yi wa hoto ko takarda abin da ba za a iya kwancewa ba.

Hoto ya samu gindin zama ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya fara daga hannun jami'ansu, daga baya masu hoto, da yawansu mutanen kudu, suka buɗe shaguna. Bai shiga zaure da sauƙi ba, domin malamai da dama sun ƙyamaci rataye surar mai rai, shi ya sa a gidaje da yawa firam na farko ayoyin Alƙur'ani ko hoton Ka'aba ya ɗauka. Mulki da siyasa suka buɗe masa ƙofa. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi shekara hamsin a gadon sarauta, daga 1938 zuwa 1988, hotonsa ya zama abin da ake sa ran gani a ofis da shago. Na Sardauna Ahmadu Bello ya bazu tun zamanin jam'iyyar NPC, ya ƙara daraja bayan kisansa a 1966, na Shehu Shagari ya biyo baya a 1979. Da bukata ta yawaita, aikin ya faɗa hannun kafinta da mai yanka gilashi, mutanen da suka ƙware a taga da kabad. Gilashi kuma ya yi araha bayan kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da sabuwar hanyar yin sa a 1959. Babu wanda ya tambayi baduku ko mai kwafin littafi yadda takarda ke son a riƙe ta.

Idan aka buɗe irin firam ɗin da aka saba yi, za a ga inda ɓarnar take. Hoton yana kwance kai tsaye a jikin gilashi. Fuskar hoton da aka wanke kuwa an lulluɓe ta da wani siririn sinadari mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashi, wanda ke shan laima ya kumbura. A watan Agusta, idan damina ta kankama, sai ya yi laushi ya kama gilashin, rani na zuwa ya bushe a haka, duk wanda ya ja sai fuska ta biyo gilashi. A baya kuma an tallafe shi da kwalin katan ko filawud, waɗanda ke fitar da tsami a hankali yana cin takardar, an kuma shafe bayan da gam ko an kama gefe da salatif, wanda bayan 'yan shekaru yake barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Mafi muni shi ne liƙe hoto cikin leda da zafi, domin wannan ba ya kwantuwa har abada. A ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke gaggauta koɗewar rinin hoto mai launi ko da a duhu yake. Maganin kowanne sananne ne. A yanka taga a kwali mai kauri a sa tsakanin hoto da gilashi don iska ta raba su. Kwalin gaba da na baya su zama na auduga ko wanda aka cire wa tsami. A riƙe hoton da 'yan aljihunan kusurwa huɗu ba tare da gam ya taɓa shi ba, a toshe bayan firam ɗin saboda ƙurar hunturu da kyankyaso. Game da abin rufewa, a garin ƙura gilashi ya fi farar roba, don roba tana janyo ƙura, goge ta kuma yana barin zane, sai dai ga babban firam inda ake tsoron nauyi da fashewa.

Mai ja zai ce kwatancin bai yi daidai ba, tunda littafi a duhun gafaka yake kwana, hoto kuwa don a gani aka yi shi. Gaskiya ne, kuma ko gilashi mai tare hasken da ke cin launi rage ɓarna yake yi, ba ya hana ta. To amma magabata sun san wannan matsalar ta wata fuska: littafin da ake yawan ɗauka hannu yana cinye shi, sai suka riƙa kwafe shi, ɗalibai su yi karatu da kwafi. Hoton kaka guda ɗaya tilo ya cancanci haka, a ɗauki kwafinsa a rataye a falo, na asali a sa shi cikin farar takarda mai kyau a ajiye a akwati. Wani zai ce ai littattafan ma da yawa gara ta ci, wasu tawada ta huda su. Haka ne, amma waɗanda suka tsira ana iya ɗaukar warƙa ɗaya a gyara ta, abin da ba ya yiwuwa ga hoton da ya zama ɗaya da filawud.

Hujjar tsada ta fi ƙarfi, ba na kuma raina ta. Gilashi na musamman da kwalin auduga daga waje suke zuwa, mai firam da ke kasuwa ba zai ajiye abin da ba a saya ba. Sai dai abubuwan da suka fi ceton hoto ba sa cin kuɗi: barin tazara, ƙin shafa gam, da rataye firam a bangon da rana ba ta bugu ba, nesa da hayaƙin madafa. Ko siririn sili da aka ɓoye a gefen firam ya isa ya raba hoto da gilashi. Masu cewa yanzu komai yana waya, idan hoto ya koɗe a sake bugawa, suna magana ne a kan hotunan bana. Na shekarun 1950 zuwa 1980, na sarakuna da alhazai da ɗaliban makarantun farko, akasarinsu dodonsu, wato fim ɗin da ake wanke su daga shi, ya ɓace tare da shagunan da suka wanke su, takardar da ke bango ita ce kaɗai ta rage, kuma a bayanta ne ake samun hatimin mai hoto da sunaye da shekara, waɗanda gam ke rufewa. Wanda ya tarar da irin wannan ya riga ya manne, kada ya ja shi kuma kada ya jiƙa shi. Ya cire katakon firam ɗin a hankali, ya bar hoton tare da gilashinsa, a ɗauki kwafi ta saman gilashin, sannan ya nemi shawarar masu kula da tsofaffin takardu, irin na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke cikin garin.