Da Me Kakanninmu Suke Miya Kafin Tumatir Ya Zo? Amsa Ga Mai Sauraro Daga Damari

Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga Damari ta Ƙaramar Hukumar Sabuwa, ya aiko da takarda yana cewa gardama ce ta kaure a majalisarsu. Wasu sun ce tumatir da attarugu tun fil azal ake miya da su a ƙasar Hausa, wasu kuma sun ce baƙi ne. Ya ƙara da cewa idan kayan miya suka yi tsada uwargidansa kan ce ba ta san abin da za ta ɗora ba, shi ya sa yake so a gaya masa yadda mutanen da suke yi.

To Malam, waɗanda suka ce baƙi ne su suka yi gaskiya. Tumatir, barkono, tattasai, attarugu, kabewa, masara, rogo, gyaɗa da dankalin Hausa, dukkansu asalinsu nahiyar Amurka ne, kuma babu ɗayansu da ya shigo tukunyar mutumin Afirka sai bayan shekarar 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara kai da komo tsakanin nahiyoyin. 'Yan Fotugal ne suka sauke da yawa daga ciki a gaɓar teku, daga nan suka yi ta hawowa arewa hannu zuwa hannu. Wasu kuma ta hamada suka biyo, don masana harshe da dama suna ganin sunan masara kansa Masar yake nunawa. Wato ke nan hatta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da miyar taushe da muke tinƙaho da ita ranar salla, ba su daɗe kamar yadda muke zato ba.

Sunayen ma suna tona asiri. Albasa da alkama daga Larabci muka aro su. Tumatir, kabeji, karas da latas kuwa kowa ya ji ya san daga bakin Bature suka fito, su ne 'yan autan lambu. Zogale da muke gani a dangar kowane gida, asalinsa ƙasar Indiya ne.

Namu na gado su ne gero, dawa, wake, gujiya, kuɓewa, kuka, yakuwa, rama, lalo, karkashi, gauta da kalwa. Masu haƙar tarihi sun tono ragowar gero da aka noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali fiye da shekara 4,000 da suka wuce, sun kuma sami wake a yankin Kintampo na ƙasar Gana da ya haura shekara 3,000. Yaji kuwa ba su rasa shi ba, don akwai masoro da kimba da citta. Tsami yakuwa ke ba da shi ko tsamiya, yauƙi kuɓewa da kuka da karkashi, ɗanɗano kuwa aikin daddawa ne. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a shekarar 1851, ya ambaci daddawa da miyar kuka a littafin tafiyarsa. Ita kanta ɗorawa, sunan da masana tsirrai suka laƙaba wa danginta, Parkia, don tunawa da matafiyin nan Mungo Park suka sa shi, alhali matanmu sun fi shi sanin itacen nesa ba kusa ba.

Amma Malam, abin da ya fi sunayen ganyaye muhimmanci shi ne hanyar da suke bi su isa tukunya, kuma a nan ne amsar uwargidanka take. A tsarin gandu na da, maigida da 'ya'yansa da ƙannensa gona guda suke nomawa, rumbu guda suke ɗiba, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma ko ranar da ba a zuwa gandu. Hatsi daga rumbu yake fitowa, amma kayan miya ba a cika zuwa kasuwa dominsu ba. Kuɓewa da yakuwa a gefen kunya ake yafa su tsakanin dawa, rama a bakin iyaka, kabewa ta hau danga ko rufin ɗaki, tafasa kuwa da kanta take tsirowa a bayan gari. Da damina a ci ɗanye, da kaka a yanka kuɓewa a shanya, a daka kuka, a kirɓa ganyen albasa a yi gabu, a dafa gurguzun yakuwa a yi daddawar batso ga wanda bai sami kalwa ba. Mace mai tattali takan shiga rani da miyar wata shida a tukwane da ƙore, ba tare da ta nemi ko anini ba.

Sannan akwai rabo. Wanda kuɓewarsa ta yi, maƙwabta sun sha miya. Mai lambu a fadama, wanda ke ɗebo ruwa da jigo, idan ya ciro albasa sai ya aika yaro da ɗauri gidan surukai da gidan liman. Bayan an cire gyaɗa a bar mata da yara su yi kala. Da dare kuma kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gida a yi ciyayya, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ya ƙoshi ba wanda ya gane. Abin lura a nan shi ne, a mazhabar Malikiyya da muke bi, hatsi ake fitar wa zakka, kashi ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa aka yi da wahala, amma ganyaye da kayan lambu babu zakka a kansu. Ashe ke nan wannan rabon miya ba wajibi ne ya sa shi ba, zumunci ne, da kuma lissafi, don abin da ba ya ajiyuwa gara a ajiye shi a cikin maƙwabci. Wanda yake son ya ji yadda zaman yake, akwai littafin tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954, kuma a Giwa suka yi yawancin hirar, nan kusa da ku.

A shekarun yunwa, irin ta Kakalaba a 1914 da farin 1973, waɗannan ganyaye ne suka riƙe rayuka kafin sabon gero ya nuna.

Canjin da ya fi girma a yankinku ya zo ne da shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa da gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Takin zamani mai rahusa da ingantaccen iri suka fitar da masara daga bayan gida, inda ake shuka ta don gasawa, suka mai da ita sarauniyar gona, tuwon masara ya ture na dawa a gidaje da yawa. Daga baya injin ban-ruwa ya kori jigo, musamman da shirin Fadama na shekarun 1990, tumatir ya zama abin lodi a kwanduna daga irin su Ɗanja zuwa kasuwar Mile 12 ta Ikko. Kuɗi sun shigo, ba mai musun haka. Amma abin da ake lodawa a mota ba a aika wa maƙwabci shi kyauta, kuma maganin feshin ciyawa da ya sauƙaƙa noma bai san bambancin yakuwa da ƙaya ba. A ganina nan ne cefane ya zama nauyin kullum.

Dunƙulen Maggi, wanda kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1908, shi ma ya zo ya raba gado da daddawa. Indomie da aka fara sarrafawa a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990 ta zo ta ce ita ce abincin gaggawa. Ni dai ban yarda ta riga mu ba. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da yakuwa, ɗanwake da ake kwaɓawa da kuka da kanwa, duk tsakanin la'asar sakaliya da magariba an gama an ci, kuma sun fi riƙe cikin manomi. Miyar kuka ma idan ruwan daddawa ya tafasa, kaɗawa kawai ta rage.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna hatsarin dogaro da jar miya kaɗai. A 2016 tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka sa wa suna Sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta. Ita ma daga Kudancin Amurka ta taso, ta biyo sawun abincinta. Ga kuma matsalar 'yan bindiga da ku mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara kuka fi kowa sanin zafinta, wadda ta raba mutane da yawa da gonakin nesa. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, alhali a jarka mai injin ban-ruwa ke kai mai lambu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, kuɗin ban-ruwa da na mota duk a kan kwandon tumatir suka sauka.

Saboda haka ka gaya wa uwargida, da gaisuwa, cewa idan damina ta faɗi a ware taki goma a bayan ɗaki: layi biyu na kuɓewa, layi guda na yakuwa da rama, a dasa reshen zogale a jikin danga inda ruwan wanke-wanke ke bi. Lokacin da tumatir ya yi araha a tsakiyar rani, a yanka a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, ba a gefen kwalta ba. Irin kuɓewa da na yakuwa kuma ba sai an saya ba, a tambayi tsofaffin unguwa, da wuya a rasa mai ƙullin shi a bakin zane ko a cikin tandu.