Daga Sassaƙe Zuwa Allura: Tarihin Neman Maganin Sankarar Furostat Cikin Itatuwa

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji cewa masana sun gwada tsimin wani tsiro a ɗakin gwaje-gwaje, sun tarar yana kashe sankara, jama'a kuwa su ɗauka an sami magani ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wani itace guda, tun daga ranar da aka sassaƙe shi har zuwa ranar da ya zama maganin sankarar furostat, domin a ga tsawon tafiyar. Furostat dai wani ɗan ƙululu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kewaye hanyar fitsari. Saboda wannan maƙwabtaka ne ake yawan kiran ciwon da sunan sankarar mafitsara, alhali kuwa gaɓoɓin biyu kowace da nata ciwon.

Mafarin Bincike

A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges suka nuna a Shikago cewa wannan sankara tana rayuwa ne da sinadarin mazakuta, watau idan aka yanke mata shi sai ta lafa. Wannan aiki ya jawo wa Huggins lambar Nobel a 1966. Sai dai lafawar takan zama ta wani lokaci, domin akasari ciwon yakan koyi rayuwa ba da sinadarin ba, ya sake tasowa. A nan ne likitoci suka daɗe hannunsu ba komai.

A 1960 Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasar Amurka ta shiga tattara tsirrai tana gwada tsiminsu. Cikin shekara kamar ashirin an gwada tsimi wajen 114,000 daga nau'in tsiro kimanin 15,000, waɗanda suka kai ga zama magani kuwa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ana cikin wannan aiki ne, a 1962, wani masanin tsirrai mai suna Arthur Barclay ya ɗebo sassaƙen wani itace a dajin jihar Washinton, wanda sunansa na kimiyya Taxus brevifolia. Da gwaji ya nuna tsimin yana kashe ƙwayoyin sankara, sai aka miƙa shi ga Monroe Wall da Mansukh Wani. Su ne suka yi ta tacewa har suka ware sinadarin da ke aikin, suka raɗa masa suna taksol, suka kuma bayyana ƙirarsa a 1971. Kilo 12 na busasshen sassaƙe bai ba su abin da ya wuce rabin giram ba.

Duk da haka ba a san ta yadda yake kisan ba, sai a 1979 da Susan Horwitz da ɗalibanta a Niyok suka gano. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu siraran zaruruwa da ke haɗuwa su warware a yayin da ƙwayar za ta rabu biyu. Taksol yana daskarar da su ne, ya hana su warwarewa, ƙwayar ta kasa rabuwa har ta mutu.

A daidai wannan zamani aka sami ƙwayoyin sankarar furostat da za a iya renonsu cikin kwalba, waɗanda aka ɗebo daga jikin majinyata: DU145 a 1978, PC-3 a 1979, sa'an nan LNCaP da aka ba da bayaninta a 1980. Yawancin rahotannin da ke cewa tsiro kaza ya kashe sankarar furostat, a kan waɗannan uku aka yi gwajin.

Daga Ɓawo Zuwa Ganye

Matsalar taksol ita ce itacen nan ba ya saurin girma, kuma in an sassaƙe shi sai ya mutu. Mafita ta zo daga Faransa, inda Pierre Potier da abokan aikinsa suka tatso wani sinadari daga ganyen ɗan'uwansa na Turai, Taxus baccata. Ganye kuwa in an tsinka yakan sake tohowa. Daga wannan sinadari suka haɗa dositaksel a shekarun 1980.

Sai a 2004 aka fito da sakamakon gwaji kan maza 1,006 waɗanda ciwonsu ya bazu, ya kuma daina jin maganin da ke danne sinadarin mazakuta. Waɗanda aka yi wa allurar dositaksel kowane mako uku sun rayu wata 18.9 a tsaka-tsaki, waɗanda aka ba tsohon magani kuwa wata 16.5. A wannan shekara hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Watau shekara 42 aka yi ana aiki kafin a sami ƙarin kwana na wata biyu da rabi. Wani gwajin da aka buga a 2015 ya nuna cewa in an fara ba da shi da wuri, tare da maganin danne sinadarin, ƙarin yakan haura shekara guda.

Gajeriyar Hanya

Akwai kuma waɗanda suka nemi yanke. A 1996 aka fara sayar da wani haɗi na tsirrai takwas a Amurka, mai suna PC-SPES. Ya kashe ƙwayoyi a kwalba, ya kuma rage alamar ciwon a jinin majinyata, har wasu likitoci suka soma sa rai. A 2002 aka janye shi daga kasuwa, bayan an gano an cakuɗa shi da magungunan asibiti. Bincike ya tarar da warfarin mai tsinka jini, da wani sinadarin mata na haɗawa. Sauri ya haifi nawa.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, kashe ƙwaya cikin kwalba matakin farko ne kurum. Kwalba ba ta da hanta da za ta narkar da magani, ba ta da ƙoda da guba zai lalata. Tsirran ƙasarmu, irin su shuwaka, an gwada tsiminsu kan PC-3, amma matsayinsu bai wuce na sassaƙen Barclay kafin a tace shi ba. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama, in ya dogara da irin wannan labari ya ƙi zuwa a duba shi, lokacin da ake iya ceto shi ne yake ɓatawa.

Masana harshe ma suna da rabonsu na aiki. An iya komawa daji a ƙaro sassaƙen taksus ne saboda an rubuta ainihin itacen da wurin da aka same shi. Tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya gwama su da na kimiyya, amma har ila yau suna guda kan hau itace fiye da ɗaya, gwargwadon karin harshen gari. Muddin ba a tantance wane itace mai magani yake nufi da sunan da ya faɗa ba, mai gwaji zai iya shekara yana tace wani itacen dabam.