Kwana 222: Yadda Aka Rufe Twitter a Najeriya

A ranar 1 ga Yunin 2021, bayan jerin hare-hare kan ofisoshin hukumar zaɓe da na 'yan sanda a kudu maso gabas, shafin Shugaba Muhammadu Buhari na Twitter ya wallafa wani saƙo da ya tuno da yaƙin basasa, tare da gargaɗin cewa za a yi wa masu tayar da fitina magana da yaren da suke ganewa. Washegari kamfanin ya goge saƙon, yana cewa ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Ranar 4 ga wata Ministan Yaɗa Labarai, Lai Mohammed, ya sanar da dakatar da Twitter har sai abin da hali ya yi. Abin dariya, a shafin ma'aikatarsa na Twitter aka wallafa sanarwar.

Gwamnati ta ce ba goge saƙon ne dalili ba, wai ana amfani da dandalin wajen yi wa haɗin kan ƙasa zagon ƙasa. Gaskiyar magana, an daɗe ana jan zare. A Oktoban 2020 shugaban kamfanin, Jack Dorsey, ya goyi bayan zanga-zangar EndSARS a fili. A Afrilun 2021 kuma kamfanin ya zaɓi Ghana ta zama mazaunin ofishinsa na farko a Afirka, yana yabon yadda take mutunta 'yancin faɗar albarkacin baki. Abuja ta ji wannan habaici.

Masu dogon tunani sun tuna 1984, lokacin da Buhari yake mulkin soja. A ƙarƙashin Doka ta 4 aka ɗaure 'yan jaridar The Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kowannensu, saboda labari kan naɗin jakadu. A wancan zamani gwamnati ta san ofishin edita, ta san ƙofar gidansa. A 2021 wanda ya yanke hukuncin yana ƙetare, hannun hukuma bai kai gare shi ba, don haka bulalar ta sauka a kan wanda ke kusa: mai sayar da atamfa da turare ta intanet, ɗan jarida mai bibiyar labari, iyalan da ke cigiyar ɗan'uwan da aka sace. Hukumar NBC ta umarci gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da dandalin, Antoni Janar Abubakar Malami kuma ya yi barazanar gurfanar da masu zagayewa ta VPN. Mutane suka ci gaba da zagayewa. Gwamnati kuwa ta buɗe shafi a Koo, wani dandali na Indiya.

Sai dai kamfanin ma ba wankakke ba ne. Ministan ya zarge shi da fuska biyu, yana nuni da saƙonnin Nnamdi Kanu da aka bari, kuma ƙorafin ba ya rasa tushe, ko da ya fito daga bakin mai son zuciya. Duk wanda ya taɓa kai ƙarar saƙon ƙiyayya da aka rubuta da Hausa ya san irin jiran da ke biyo baya, da irin amsar da ba a san wanda ya rubuta ta ba.

An ɗage takunkumin ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222. Gwamnati ta ce kamfanin ya amince ya yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji. Yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da kamfani. Babu wanda ya tambayi masu amfani da dandalin, ba a rufewa ba, ba a buɗewa ba. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa dakatarwar haramtacciya ce, amma a lokacin an riga an yi wata shida da buɗewa.

A Oktoban wannan shekara Elon Musk ya sayi Twitter. Cikin Nuwamba aka sallami kusan dukkan ma'aikatan ofishin Accra, kwanaki kaɗan bayan sun fara zama a cikinsa. Koo kuwa ya rufe baki ɗaya a Yulin 2024.