Dalilan Ɗorewar Rinjaye a Ƙwallon Ƙafa: Nazarin Kano Pillars, 2008 zuwa 2022

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da ke sa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta daɗe tana jan zarenta a gasa. An ɗauki Kano Pillars a matsayin misali, aka bi tarihinta daga kofin farko zuwa shekarar da ta faɗo daga gasar Firimiya ta ƙasa. Binciken ya gano cewa rinjaye yana ɗorewa ne idan ƙungiya ta riƙe ginshiƙan 'yan wasanta, ta kare filinta, kuma kuɗin gudanarwa bai yanke ba.

Gabatarwa

A gidajen kallon ƙwallo na garuruwan Jihar Sakkwato irin su Wurno da Rabah da Goronyo, an fi jin musu a kan ƙungiyoyin Turai. Ana kawo Bayern Munich da ta lashe gasar Jamus sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, ko Manchester United da ta ci gasar Ingila sau 13 a hannun Alex Ferguson. Amma akwai misali a ƙasar Hausa da ya cancanci nazari, musamman ga Jihar Sakkwato, wadda ƙungiyarta, Sokoto United, ba ta taɓa ɗaga kofin gasar ƙasa ba.

Hanyar Bincike

An dogara da tarihin sakamakon gasa, aka kwatanta shekarun ɗaukaka da na koma-baya ta fuskar 'yan wasa da filin gida da gudanarwa.

Sakamako da Sharhi

An kafa Pillars a 1990. Ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe.

Dalili na farko shi ne zaman 'yan wasa. Koci ya sauya: Kadiri Ikhana ya ci kofin 2008, Baba Ganaru ya ci biyu, Okey Emordi ya ci na 2014. Sai dai irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad sun daɗe tare, kowa ya san takun ɗan'uwansa. Ko tafiyar Ahmed Musa Turai a 2010 ba ta girgiza ƙungiyar ba, domin ba a kansa kaɗai aka gina ta ba.

Na biyu shi ne filin gida. Daga 2003 zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta doke Pillars a gida a wasan gasa, har sai da Nasarawa United ta karya lagon. A gasar da cin wasa a waje yake da wuya, wanda ya tattara makin gida ya yi rabin tafiya. Kirarin Pillars na "Sai Masu Gida" a nan ya samo ƙarfinsa.

Shekarun koma-baya sun tabbatar da haka. A 2020 an mayar da filin gidan Pillars, wato filin wasa na Sani Abacha, cibiyar killace masu cutar korona, ƙungiyar ta koma buga wasannin gida a Kaduna. A 2022 rikicin magoya baya a wasa da Katsina United ya jawo aka zabtare mata maki, aka kuma mayar da wasanninta Abuja. A ƙarshen kakar ta faɗo.

Na uku shi ne kuɗi. Pillars mallakar gwamnatin jiha ce, kamar Enyimba ta Aba mai kofi 9. Wannan tsari yana samar da albashi, amma yana ɗaure makomar ƙungiya ga ra'ayin gwamnati mai ci, har sauyin mulki ya kan zo da sauyin shugabanni.

Kammalawa

Shawarar wannan maƙala ga masu tafiyar da wasanni a Sakkwato ita ce su faro daga tushe: a raya gasar matasa a ƙananan hukumomi, a ba 'yan wasa kwantiragi mai tsawo, a tsare da'a a filin Giginya, a kuma nemo wa ƙungiya kuɗin shiga da ba ya jiran kasafin gwamnati.