Asalin Sunan Baƙi a Gidan Ɗab'i

Kafin zuwan kwamfuta, mafi ƙanƙanta cikin kayan injin ɗab'i shi ne ɗan guntun dalma mai harafi a kansa, a juye. A tsince su ɗai ɗai, a jera, a shafa tawada, sa'an nan a danna bisa takarda. Su ne baƙaƙe, guda kuwa baƙi.

Sunan nan ya girmi inji nesa. Malaman ƙasar Daura, har na Babban Mutum, in suna rubutun Alƙur'ani, da baƙar tawada sukan zana haruffa, wasula kuwa da ja. Daga launin nan harafi ya sami suna, don haka karatun almajiri na fari ake ce masa babbaƙu.

Da boko ya zo, sunan ya bi shi har Zariya, inda aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Baƙaƙe uku, watau ɓ, ɗ da ƙ, babu su cikin Turanci, sai da aka yi musu dalma tasu. In babu lanƙwasar nan, baƙi kansa ya koma baki, a littafin alƙali kuwa ɗauri ya koma dauri.