Zaitun na duwatsun Abzin

Bahaushe ya san Bagazam da dawakinta, amma kaɗan ne suka san cewa a ƙwanƙolin duwatsunta akwai itacen zaitun na daji, ɗan asalin ƙasar nan, wanda ba hannun kowa ya dasa ba.

Labarinsa a rubuce ya faro ne daga ƙasar Aljeriya. A shekara ta 1911, masana tsirrai guda biyu, Battandier da Trabut, suka bayyana wani zaitun da aka samo a duwatsun Hoggar, suka raɗa masa suna Olea laperrinei, don girmama Laperrine, hafsan sojan Faransa mai mulkin yankin Sahara a wancan zamani. Daga baya aka tabbatar da cewa itacen yana nan a Abzin, a Bagazam da Tamgak, da kuma Jabal Marra a Darfur. A 1942 masani Ciferri ya mayar da shi reshe na zaitun ɗin da ake nomawa a bakin Bahar Rum. Binciken Bruneau de Miré da Gillet a kan tsirran Abzin ya fito a 1956, kundin tsirran Nijar na Peyre de Fabrègues da Lebrun kuma a 1976.

Sai dai kalmar "ganowa" tana bukatar gyara. Abzinawa sun san itacen tun kaka da kakanni, suna da sunansa a Tamashek, dabbobinsu suna cin ganyensa. Abin da baƙi suka yi shi ne shigar da shi littafi.

Ta yaya zaitun ya sami kansa a tsakiyar hamada? Saura ne na zamanin da Sahara take da ruwa da ciyayi. Da ƙasa ta bushe, wajen shekaru 5000 da suka wuce, sai ya tsira a kan tuddai kawai, inda sanyi da raɓa suka fi yawa.

A yau itacen yana cikin haɗari. A Bagazam da wuya ya yi ƴaƴa, sai dai toho daga tsohon kututture, awaki da raƙuma kuma suna cinye tohon. Ga shi kuwa juriyarsa ga fari dukiya ce da masu noman zaitun za su iya bukata gobe. Idan tsofaffin itatuwan nan suka mutu ba magaji, sunan Latin kaɗai zai rage a takarda.