Barin taba da giya: gudummawar ƴan fada

Barin taba sigari ko giya ya fi sauƙi idan mutum yana tare da masu ƙoƙarin bari irinsa. A kan haka aka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Amurka a 1935, bayan da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa hirar da suke yi tana hana su komawa ga kwalba.

A Dakoro, cikin jihar Maraɗi, wurin irin wannan hira shi ne fada. Sau da yawa a nan ake miƙa wa matashi karan farko a bakin shayi. A nan kuma abokai za su iya ɗaukar alkawarin bari tare, kowa na sa ido kan ɗan'uwansa.

Ƙishirwar taba ta fi tsanani a makon farko, sannan ta riƙa lafawa cikin wata guda. Giya kuwa daban ce. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke kwatsam, yana iya kamuwa da makyarkyata ko farfaɗiya. Don haka sai ya fara ganin likita a CSI ko asibitin gunduma.

Dokar Nijar ta 15 ga Mayun 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a.